Yadda ake ɗanɗana wuskin da ya kwana a gangar giyar inabi

Bari in fara da wannan tunda na san garinmu. Nan Damagaram galibin mutane musulmi ne, giya haramun ce gare su, kuma ban rubuta wannan don in ja kowa ba, wanda ba ya sha ya riƙe abinsa da kyau. Ni kirista ne, iyayena daga kudu aiki ya kawo su aka haife ni nan Sabon Gari, da Hausa na buɗe baki, abokan da muka tashi tare duk ƴan salla ne kuma har yau ban taɓa miƙa wa ɗayansu kofi ba. Na yi shekaru ina aikin bar a otal, Yamai da Kwatano, kafin in dawo gida. To waɗanda nake wa magana su ne ƙannena da ke wannan aikin, baƙo ya nuna kwalba biyu ya ce mene ne bambancinsu yaro ya yi tsuru-tsuru, sai kuma ƴan uwana masu sha da nake gani suna kwankwaɗar abin da ya shekara 12 cikin ganga kamar wanda ya dawo daga gona da ƙishi, abin yana min ciwo sosai.

Muna yara akwai Inna maƙwabciyarmu, in ta sayo sabuwar randa ta Mirya ba ta zuba ruwan sha kai tsaye, sai ta wanke ta, ta kife ta kan hayaƙin turare, sannan ta ɗaure saiwar jema ta jefa ciki. Ruwa ɗaya muke ɗebowa da ita, rijiya ɗaya, amma na gidanta daban yake a baki, har na gidanmu mukan bari mu je mu roƙi nata. Haka wanda ya taɓa shan ruwan salka wurin Buzaye ya san ruwan yana zuwa da baurin bagaruwa da ƙamshin fata. Ƙwaryar nono kuwa ko sau goma ka wanke ta, ka dama fura ciki sai ka ji nonon. To maganar wuskin nan duk ita ce wannan, mazubi yana ba da nasa. Duk ɗan garin nan hancinsa ya riga ya yi wannan karatun tun yana ƙarami, saura kawai ya yarda da hancin nasa.

Abin da ake kira singil molt a Sikotlan doka ce ta tsare shi, dokar 2009. Tsiron sha'ir zalla, kamar yadda ake tsirar da dawa, sai ruwa da yis, a dafa a tukunyar jan ƙarfe a tara tururin, kuma duk a masana'anta guda. Sannan dole ya kwana aƙalla shekara 3 a gangar itacen ok wadda ba ta wuce lita 700 ba, a cikin ƙasar Sikotlan ɗin, kuma ƙarfinsa a kwalba kar ya gaza kashi 40 cikin 100. Ranar da ya fito daga tukunya fari ne tas kamar ruwa, ana zuba shi a ganga da ƙarfin wajen 63.5, launinsa na asali da yawancin ƙamshin daga ganga suka fito. Ganga tana numfashi, kowace shekara wajen kashi 2 cikin 100 yana bin iska, su suna ce masa rabon mala'iku. A ƙasashe masu zafi kamar Indiya da Taiwan abin da ke tashi ya kai kashi 10 ko fiye, shi yasa nasu yake nuna da wuri.

Gangunan da aka saba da su iri biyu ne. Akwai ta burbon, wato wuskin Amurka, lita 200, dokar can ta ce sai sabuwar ganga da aka babbake cikinta ake sa burbon, to in an juye ba su da abin yi da ita sai su sayar wa mutanen Sikotlan. Akwai kuma ta sheri, giyar inabi mai ƙarfi daga Sifen, babba, lita 500. Waɗannan su ne tuwo da miya na yau da kullum. Amma a farkon shekarun 1980 David Stewart na masana'antar Balvenie ya fara wata dabara, wuski ya yi shekarunsa a gangar burbon sannan a juye shi cikin wata ganga ta daban ya ƙarasa wasu watanni ko ƴan shekaru. Shi ake kira finish, ni nakan ce wa yarana gangar ƙarashe. Ƴan masana'antar Glenmorangie suka ɗauki abin suka bazu da shi a shekarun 1990 da gangar fot da ta madera, giyoyin inabi masu ƙarfi na Fotugal, daga nan kowa ya shiga farautar ganguna, masana'antar Bruichladdich da aka sake buɗewa a 2001 ɗaya daga cikin masu ita a lokacin dillalin giyar inabi ne, Mark Reynier, sai ga gangunan Bordo ta Faransa suna sauka a tsibirin Islay inda masana'antar take. A 2019 aka gyara ƙa'idar ta fito fili ta ce gangar giyar inabi da ta giyar biya har da ta tekila, barasar Meziko, duk an yarda, muddin abin ya fito da kamannin wuski.

Saboda haka abu na farko, tun kafin ka taɓa murfi, juya kwalbar ka karanta takardar jikinta a natse. In ka ga kalmar finish to ziyara wuskin ya kai gangar inabin, ba can ya girma ba. In kuma an ce duk zamansa a cikinta ya yi, ka shirya jin inabin da ƙarfi. Shekarun da aka rubuta na mafi ƙanƙanta ne cikin abin da aka haɗa, in an sa 12 ba ɗigon da ya gaza 12. Ka duba ƙarfi. Ni in na ga 46 ko sama raina ya fi kwanciya, don galibi irin waɗannan ba a sanyaya su an tace maiƙon ba, kuma maiƙon nan shi ke riƙe ɗanɗano. Sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma a nan kar yawan shekaru ya ruɗe ka, na sha jin ɗan shekara 10 a ganga mai rai ya fi ɗan 18 da ya kwana a gangar da ta gaji.

Sai maganar lokaci, wadda littattafan Turawa ba za su gaya maka ba don ba su san Afrilun Damagaram ba. Wuski yana son sanyin digiri 15 zuwa 20. Mu kuwa a bazara muna haura 40, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka, in ka zuba shi a wannan zafin barasar ce za ta taso ta daki hancinka, ba za ka ji komai ba sai yaji. Mafi kyau daren hunturu, Disamba ko Janairu, amma ranar da hazo bai toshe maka hanci ba, in kana mura ka haƙura kawai kar ka ɓata abinka. In dole da zafi ne, naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma ka jingina ta gindin randa awa ɗaya, ko ka sa ta firigo minti 15 ka fitar. Ƙanƙara dai a'a, ba ranar ɗanɗano ba, sanyinta yana kulle ƙamshi kuma ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba.

Ka ci abinci tukuna, amma mai sauƙi. Kilishi da yaji, goro, taba, shayi na farko mai ɗaci, duk ka bar su sai bayan an gama, ɗanyar albasa ma haka. Kar ka shafa turare, kar a kunna turaren wuta ko maganin sauro kusa, ka fita tsakar gida inda iska take. Kofi kuma mai ciki da tsukakken baki kake so, irin Glencairn da ya fito a 2001 ko ƙaramin kofin sheri mai ƙafa, in babu to kofin giyar inabi ƙarami ya yi. Faffaɗan tambulan ɗin da ake gani a talabijin ƙamshi guduwa yake daga cikinsa. Ka sunsuni kofin tun yana wayam, in ka ji omo ko warin kabad ka sake ɗauraye shi da ruwa zalla ka bar shi ya bushe da kansa, wannan ƙaramin abu ya sha ɓata wa mutane dare.

Hanyar da na fi yarda da ita, wadda wani tsohon barman ya koya min a Kwatano, ita ce kar ka taɓa ɗanɗana na gangar inabi shi kaɗai. Ka samo ɗan uwansa na gida ɗaya wanda gangar burbon kawai ya sani ka jera su. Misali Glenmorangie Original a hagu, Nectar d'Or ɗinsu na da, na gangar Sauternes, farar giyar inabi mai zaƙi, a dama, tukunya ɗaya ta haife su, tukwanen nan masu wuya mita 5 da ɗoriya da suke kwatantawa da raƙumin dawa irin namu na Kure. Duk abin da ka ji a dama wanda babu a hagu, to aikin gangar ne. Ranar da ya jera min su na ce masa Baba ni fa duk yaji nake ji, ya ce yaro ai ba ka gaishe su ba ka faɗa musu ɗaki, koma bakin ƙofa ka yi sallama. Zuba santilita 1 da rabi ko 2 a kowane, ka rufe bakin da ƴar takarda, ka bar su minti 10.

Ido ba ya ɗaukar lokaci. Ɗaga kofin gaban farar takarda, na Sauternes zai yi ruwan zuma, na jar giyar inabi yakan yi ja-ja kamar an ɗiga zobo a shayi. Sai dai doka ta yarda a ƙara launin ƙonannen sukari, don haka duhu ba shaida ba ne, kwalaben da aka sayo a Jamus ne ake tilasta rubuta hakan a jiki.

Hanci shi ne aikin, nan zaka daɗe. Kar ka juya kofin da ƙarfi, ɗan karkata shi kawai ya jiƙa gefe. Fara daga nesa, kofin a ƙirjinka, ka taso da shi sannu har haɓa, har leɓe, bakinka a ɗan buɗe, shaƙa gajere-gajere kamar mai duba ko nono ya yi tsami a kasuwa. Na farko barasa zaka ji, ajiye, shaƙi bayan hannunka, ka koma. A karo na uku ne abubuwa ke fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Gwada hancin dama daban na hagu daban, kullum ɗaya ya fi ɗaya buɗewa. Kuma ga inda nake roƙonka, kar ka ara sunayen ƴaƴan itacen da ba ka taɓa ci ba don ka gan su a bayan kwali. Na ga yara suna haddace sunayen ƴaƴan itacen Turai suna karanta wa baƙo, baƙon kuma ya gane hadda ce. Ka shiga kasuwar Dole da hancinka, abin da ka sani shi zaka kira.

Shi katakon kansa yana da nasa kafin a zo ga inabi. Itacen ok na Amurka yana ba da banila da kwakwa, na Turai ya fi bauri da kayan yaji. In ka ji kanumfari ba ƙarya hancinka yake ba, sinadarin da ke cikin kanumfari, ujinol, shi ne dai ke fitowa daga katakon da aka gasa. In ka ji goruba, wannan garɗin mai zaƙi-zaƙi da ke makale a haƙori in kana gwaguyarta, shi ma katako ne. Cire waɗannan gefe, abin da ya saura shi ne baƙon.

Sauternes daga kudancin Bordo take a Faransa. Akwai ƙaramin kogi mai sanyi, Ciron, da ke faɗawa cikin Garonne, da kaka haɗuwarsu tana ta da raɓa da hazo da safe, sai wata irin fumfuna ta kama inabin ta tsotse ruwansa ya yamutse a jikin reshe, zaƙin ya taru. Abin da manomi zai yi kuka a kansa su shi suke jira. Gangar lita 225 ce. A wuski zaka ji zuma, zumar saƙa ba ta kwalba ba, da ɓawon lemu, da mangwaron da ya nuna lugub har ya fara ɗigar ruwa, wani lokaci da ɗan ƙamshin nakiya. Tokaji ta Hangari ƴar uwarta ce, fumfuna ɗaya ke musu aiki, sai dai tata ta fi ɗan tsami mai daɗi, kamar abarba da zuma, Glenmorangie sun fitar da na gangarta a 2020. Mutumin da bai saba ba daga nan nake fara masa, don ba sa faɗa.

Amarone kuwa, jar giyar inabi, wata aba ce daban kuma ita ta fi kama zuciyata. A Italiya take, kusa da Verona, suna tsinke inabin su shanya shi a inuwa kan tarage wata 3 zuwa 4 har ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, kamar yadda matanmu ke yi wa tumatir ya zama kauɗa, sannan a matse. Masana'antar Arran, wadda ta fara aiki a 1995, tana da na wannan gangar a ƙarfin 50. Wani ɗan uwana ya taho min da kwalba ɗaya daga filin jirgi, ta biyo motar Yamai kusan kilomita 900 naɗe cikin zane. Daren da na buɗe ta sanyi ake, ina zaune kan tabarma da bargo, na kai kofin hanci sau biyu ba komai sai zafi, a na uku sai ga ɗinya, ɗinya sak, baƙar nan da muke tsinta muna yara hannunmu ya yi baƙi, a bayanta maɗi, a bayansa zobo mai kauri wanda ba a sa wa sukari ba tukuna. Na daɗe riƙe da kofin ban kai baki ba. Wanda ya yi gangar nan bai san ɗinya ba, ni ban taɓa ganin gonar inabi ba, amma ga mu mun haɗu.

Madera tsibiri ne na Fotugal, su da gangan suke dafa giyarsu, a riƙe ta a zafin digiri 45 zuwa 50 har wata 3, ko a bar ta shekaru a saman bene rana na dukanta, don tun zamanin jiragen ruwa suka lura wadda ta ratsa ƙasashen zafi ta dawo ta fi daɗi. Kaga kenan bazararmu suke kwaikwayo. Wuskin gangarta mazarƙwaila ne da soyayyar gyaɗa da ɗan tsamin tsamiya a ƙarshe, Penderyn na ƙasar Wels da ita suka yi suna. Fot, kamar a Quinta Ruban na Glenmorangie, ta fi kusa da zabibi da dabinon Bilma da aka jiƙa. Akwai ma na giyar inabin ƙanƙara ta Kanada da ake tsinka sai sanyi ya kai digiri 8 ƙasa da sifiri, Glenfiddich sun fitar da na gangarta a 2017 suka sa masa Winter Storm. Sai Longrow Red na garin Campbeltown, wanda ake busar da tsironsa da hayaƙin baƙar ƙasar fadama da suke kira pit, kuma kowace fitowa da irin jar giyar da aka ɗauko gangarta. Wannan ƙaurin tukubar mai balangu ne aka haɗa da zobo. Shi ake ajiyewa ƙarshe, in ka fara da shi sauran duk hayaƙi za su zame maka.

Ga wata dabara ga ma'aikacin da ba ya kai wa baki. Ɗiga ɗigo biyu a tafin hannu, murza har ya bushe, ka haɗa hannuwan ka rufe hanci. Barasar ta tashi, sai hatsin da katakon da inabin su tsaya. Masu haɗa wuski a Sikotlan ma yawancin aikinsu da hanci suke yi, ba sha ba.

Yanzu baki. Kurɓi na farko ɗan mitsitsi, wanda bai fi ya jiƙa harshe ba, wannan na share hanya ne kar ka yanke hukunci da shi. Na biyu ka riƙe shi daƙiƙa 8 zuwa 10, ka tauna shi kamar abinci ya zaga gefen harshe da dasashi, haɗiye, rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Tambayoyi uku nake wa kaina, me ya fara isowa, me ya zauna a tsakiya, me ya rage bayan na haɗiye kuma har yaushe. Hausa ba ta rasa kalmomin wannan ba ko kaɗan. Muna da zaƙi da tsami da ɗaci, muna da garɗi, muna da bauri irin na goro da ɗanyar kanya wanda ke ɗaure baki, muna da maƙaƙi a maƙogwaro, da ƙauri, da maiƙo, da lami in abu ba shi da rai. Gangar jar giyar inabi kusan kullum da bauri take zuwa, kaɗan ɗinsa yana da kyau don yana tsayar da zaƙin, in ya yi yawa har harshe ya bushe kamar ka tauna bagaruwa to an bar shi ya wuce lokaci.

Bayan nan sai ruwa. Ba na famfo ba, jabel ɗin ciki zai kashe komai, kuma ba na randar da aka turara ba duk daɗinsa, ruwan kwalba wanda ba sanyi ba zafi. Da ƙaramin cokali, ɗigo 3 ko 4, ka jira minti ɗaya ka sake sunsunawa. A 2017 wasu masana biyu a jami'ar Linnaeus ta Suwidin sun nuna cewa in an sirka, sinadarin ƙamshi da ake kira gwayakol yana tasowa saman kofi inda hanci zai same shi. Na 50 da sama yana son ruwa sosai, na 40 kaɗan ko ma babu. Amma a kula, na jar giyar inabi wani lokaci ruwa yana raba aurensu, zaƙin ya gudu baurin ya tsaya shi kaɗai, shi yasa nake raba kofin biyu in sa wa rabi in bar rabi. In kofin ya yi hazo-hazo bayan ruwa kar ka tsorata, maiƙon da ba a tace ba ne.

Ba kowace kwalba mai sunan inabi mai tsada ce ke da kyau ba, wannan zan faɗa ko ba a so. Giyar inabi ba ta da ƙarfin da zai tsare gangar da aka juye, in ta daɗe a hanya sai ta yi tsami, don haka wasu ke ƙona farar wuta a ciki kafin a ɗauko ta. In ka ji warin ashanar da aka ƙyasta, ko ƙonanniyar roba, ko ruɓaɓɓen ƙwai, daga nan ne. Ɗan kaɗan yakan tafi in kofin ya sha iska minti 20, mai yawa ba ya tafiya. Aibi na biyu ya fi wuyar kamawa, inabin ya hau sama ya zauna kamar man gyaɗa kan ruwa, ka ji shi daban ka ji wuskin daban. Sau da yawa wannan wuski ne mara ƙarfi aka yi wa kwalliya da wata 3 a ganga mai suna don a sayar. Mai kyau in ka sha ba za ka iya nuna inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara ba, kuma har yanzu kana jin hatsin a ƙasa.

Iri uku a dare ɗaya sun isa, hanci ba ya wuce haka, kuma santilita 3 na mai ƙarfin 40 ya kusa giram 10 na barasa zalla, ka yi lissafinka. Ka sha ruwa tsakani, in ka tofar ma ba laifi, mu a wurin aiki tofarwa muke. In ka sha kar ka hau moto, kira kabu-kabu ko ka kwana inda kake, na je jana'izar da ba sai an yi ta ba. Mai ciwon hanta, mai olsa, mai ciki, mai shan magani, yaro, duk ba nasu ba ne, kuma ciwon hanta yana da yawa a ƙasar nan wasu ba su ma san suna da shi ba, in ba ka taɓa gwaji ba ka je ka yi. Wanda kuma ya san in ya fara ba ya iya tsayawa, ɗan uwa wannan rubutun ba naka ba ne, ka bar shi gaba ɗaya. Jabu ma suna yawo, ana tara tsofaffin kwalabe a cika su da abin da ba a sani ba, wani da metanol mai makantarwa da kisa. Singil molt da aka ce maka jikka biyar ba shi ba ne. Duba hatimin murfi, duba ko rubutun ya karkace, ka saya inda ka sani.

Ajiya kuma tsaye, ba kwance ba. Na taɓa tafiya wata biyu a bazara na bar rabin kwalbar wuskin gangar Sauternes kwance a akwati ƙarƙashin rufin kwano, na dawo na tarar barasar ta cinye toshiyar murfin ta marmashe ciki, zumar nan duk ta tafi sai warin jiƙaƙƙen kwali. Wuski ba ya ƙara girma a kwalba, raguwa kawai yake in iska da zafi sun same shi. Nemi lungu mafi sanyi a ɗakin ƙasa, nesa da taga, a cikin kwalinta, in ta rage kashi ɗaya cikin uku ka juye a ƙaramar kwalba mai murfi gam ko ka gama da ita cikin ƴan watanni.

In kun tashi kar ka wanke kofunan. Ɗora takarda a bakin kowane ka je ka kwanta, da safe kafin ka sha komai ka ɗaga ka sunsuna. Barasa ta tafi duka, abin da ya bushe a gindin kofin gangar ce tsantsa, a nan ma wanda jiya ya ce yaji kawai yake ji zai bambance Sauternes da Amarone. Ka rubuta a ɗan littafi da kwanan wata da yanayin garin. Nawa na daren Arran ɗin layi biyu ne, sanyi sosai ba hazo, ɗinya, maɗi, zobo, baurin goro kaɗan, ruwa ɗigo huɗu ya isa, da safe kofin ƙamshin rumbun da aka ajiye dabino.